Limantour: Ma'ajin da Ya Cika Baitulmalin Meksiko Kafin Juyin Juya Hali

A wannan makon za mu tsallaka teku zuwa Meksiko, mu duba rayuwar José Yves Limantour, mutumin da ya riƙe lalitar ƙasar shekara 18, daga 1893 zuwa 1911, a ƙarƙashin Shugaba Porfirio Díaz.

An haife shi a birnin Meksiko ranar 26 ga Disamba, 1854. Iyayensa Faransawa ne, kuma wannan asalin ya zame masa ƙarfen ƙafa daga baya. Mahaifinsa kyaftin ɗin jirgin ruwa ne, ɗan kasuwa mai buɗaɗɗen ido. Shi ne ya taɓa kawo takardu yana iƙirarin cewa wani babban yanki na birnin San Francisco mallakarsa ne, har kotun Amurka ta gano a 1858 cewa takardun na jabu ne. A Meksiko kuwa kakarsa ta yanke saƙa, domin lokacin da gwamnati ta tilasta wa coci sayar da filaye da gidajenta, yana cikin waɗanda suka saye su da araha. A cikin wannan daula José ya tashi. Ya karanta shari'a, ya zaga Turai, ya dawo yana koyar da ilimin tattalin arziki.

Da aka naɗa shi ministan kuɗi a 1893, ba gadon arziki ya tarar ba. Azurfa ita ce babbar hajar da Meksiko ke fitarwa, da ita kuma ake buga kuɗin ƙasar, peso. Sai ga darajarta tana zubewa a kasuwar duniya, alhali bashin da Turawa ke bin ƙasar da zinariya ake biyansa. Wato kullum garin Allah ya waye bashin ƙara nauyi yake, ko da ba a ranci ko anini ba. Ga kuma damina da ta ƙi. Limantour ya tsuke bakin aljihun gwamnati, ya rage albashin ma'aikata, ya ƙirƙiro sababbin haraji. Cikin shekara biyu kasafin kuɗi ya fitar da rara, abin da 'yan Meksiko suka daɗe suna ji a bakin wasu ƙasashe.

A 1896 ya soke alcabala, harajin da kowace jiha ke karɓa a kan kayan da suka shigo mata daga wata jihar. Duk wanda ya taɓa ɗauko kaya a mota ya ratsa shingayen masu karɓar kuɗin shiga ya san abin da wannan ke yi wa farashi. A 1897 ya yi wa bankuna doka. A 1899 ya sabunta yarjejeniyar bashin waje da kuɗin ruwa mai sauƙi. A 1905 ya ɗaure peso a jikin zinariya, peso biyu dala ɗaya. A 1908 kuma ya haɗe manyan kamfanonin jirgin ƙasa, gwamnati ta riƙe kaso mafi tsoka, don gudun kada attajiran Amurka su mallake hanyoyin dogon ƙasar.

Shi ne jagoran wasu 'yan boko da ake wa laƙabi da científicos, wato masana kimiyya. Sunan na ba'a ne. Sun yi imani cewa ƙasa da lissafi ake tafiyar da ita, kuma talaka bai kai a tambayi ra'ayinsa ba tukuna. A nan ne, a ganinmu, lissafin ya karkace. Ba ofishinsa ne ya ƙwace gonakin ƙauyukan Morelos ya ba masu gandun rake ba, ba kuma shi ya harbe ma'aikatan ma'adinai a Cananea a 1906 ko na masaƙa a Río Blanco a 1907 ba. Amma irin zaman lafiyar da yake tallata wa masu ba da bashi a Paris da Landan, da wannan bindigar ake tsaron ta, kuma ya sani. Da kasuwar New York ta girgiza a 1907, peson da aka ɗaure da zinariya ya jawo girgizar har cikin gida. Ma'adinai suka rufe, bankuna suka matsa wa masu gandu su biya bashi, fari ya sa masara ta yi tsada. Har masu hannu da shuni na arewa suka fara guna-guni.

Shin ya so mulki? Díaz ya taɓa nuna kamar shi zai bar wa kujera, da Janar Bernardo Reyes a gefensa yana riƙe da soja. Sai ministan shari'a, Joaquín Baranda, ya taso da batun cewa ɗan baƙi ba zai yi shugaba ba. Maganar ta bi ruwa, shi da Reyes kuma suka zama 'yan ga-maciji. Díaz dama gwani ne wajen haɗa yaransa faɗa don kujerarsa ta zauna daram.

A tsakiyar 1910 Limantour ya tafi Turai sabunta bashi. Yana can aka yi gagarumin bikin cikar ƙasar shekara 100 da fara yaƙin 'yanci, yana can kuma Francisco Madero ya kira jama'a su ɗauki makami ranar 20 ga Nuwamba. A Maris 1911, kan hanyarsa ta komawa, ya yada zango a New York ya gana da mahaifin Madero, da ƙanensa Gustavo, da Dokta Francisco Vázquez Gómez. Dama akwai tsohuwar abota tsakaninsa da gidan Madero. Da ya isa gida aka yi wa majalisar ministoci garambawul, aka zubar da yawancin tsofaffin, shi ya tsira, ya zama kusan shi ke juya gwamnati, domin Díaz ya haura 80 kuma ciwon haƙori ya kwantar da shi.

Limantour ya zaɓi sulhu. Tsoronsa biyu ne: kada dogon yaƙi ya cinye ajiyar da ya tara ya ɓata sunan ƙasar a wurin masu ba da bashi, kada kuma Amurka, wadda ta jibge soja a kan iyaka, ta sami hujjar shigowa. Birnin Ciudad Juárez ya faɗa hannun 'yan tawaye ranar 10 ga Mayu, aka sa hannu a yarjejeniya ranar 21, Díaz ya yi murabus ranar 25. Tsofaffin abokansa científicos ba su yafe masa ba, suka ce ya sayar da su don ya ceci littafin lissafinsa.

Ya bar fiye da peso miliyan 60 a baitulmali, kuma wanda ya karɓi makullin daga hannunsa shi ne Ernesto Madero, baffan jagoran tawayen. Sulhun bai hana komai ba: an kashe Francisco Madero a 1913, yaƙi ya ci gaba shekara da shekaru, peso ya koma takardar banza.

Limantour ya koma Paris da zama, kuma a can ya rasu ranar 27 ga Agusta, 1935. Littafin da ya rubuta yana kare kansa, Apuntes sobre mi vida pública, sai a 1965 aka buga shi, shekara 30 bayan an binne shi.