Hanyar Keke ta Great Divide

Great Divide doguwar hanyar keke ce ta cikin daji wadda ta bi gadon bayan tsaunukan Roki a nahiyar Amurka ta Arewa. Kafin ƙarin da aka yi mata a 2018, ta taso daga garin Banff na lardin Alberta a Kanada, ta dire a Antelope Wells, wata 'yar ƙofar kan iyaka tsakanin jihar New Mexico ta Amurka da ƙasar Meziko. Tsawonta daga Banff kimanin kilomita 4,400 ne, kamar a ce mutum ya yi tafiyar Kano zuwa Legas sau huɗu. Mafi yawan hanyar babu kwalta. Burji ne, da hanyoyin motocin jigilar katako, da tsofaffin layukan dogo da aka kwashe ƙarafunansu, sai 'yan turba ƙalilan da keke ɗaya kawai ke iya bi. An ƙiyasta hawa da gangaren da ke cikinta sun haura mita 60,000.

Sunan ya samo asali ne daga mararrabar ruwan nahiyar, wato layin tudun da ruwan sama ke rabuwa a kansa: wanda ya sauka ta yamma ya gangara Tekun Fasifik, wanda ya sauka ta gabas ya nufi ɓangaren Tekun Atlantika. Hanyar tana tsallake wannan layi kusan sau 30. Ita ce aka fi sani a duniyar yawon keke na daji, wanda ake kira bikepacking da Ingilishi, inda matafiyi ke ɗaure wurin kwanansa da guzurinsa da kayan gyaransa a jikin keke, ya bi hanyar da ba ta da kwalta kwana da kwanaki.

Asali

Tafiyar dogon zango a kan keke cikin daji ta girmi wannan hanya da shekara ɗari. A 1897 wasu sojoji baƙar fata su 20 na runduna ta 25 ta sojan ƙasa na Amurka, ƙarƙashin Laftana James Moss, suka tashi daga barikin Missoula a Montana zuwa birnin St. Louis. Sun yi kilomita fiye da 3,000 cikin kwana 41, cikin laka da yashi da ƙishirwa, a kan kekuna marasa giya, kowa da bindigarsa da bargonsa. Wani ɓangare na kayansu yana cikin jakar da aka yanka daidai da kusurwa ukun da ke tsakiyar firam ɗin keke, dabarar da aka sake komawa gare ta bayan shekaru masu yawa.

A wannan gari na Missoula ne aka kafa ƙungiyar Bikecentennial a 1973, wadda ta shirya tafiyar dubban mutane a kan keke daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku a 1976, shekarar da Amurka ta cika shekara 200 da samun 'yanci. Daga baya ƙungiyar ta sauya suna zuwa Adventure Cycling Association. A wannan lokacin kuma matasa a Kalifoniya sun ƙirƙiro keken dutse mai faɗin taya a shekarun 1970, ya shiga kasuwa sosai a farkon shekarun 1980. Da keken ya samu, sai aka fara tunanin samar masa doguwar hanya tasa. Michael McCoy, ma'aikacin ƙungiyar, shi ya yi aikin bin hanyoyin daji ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar shekarun 1990 yana haɗa su, da sharaɗin kada hanyar ta yi nisan da ya wuce kimanin kilomita 80 daga mararrabar ruwan. Akwai kuma dokar 1964 da ta hana shiga da kowace irin na'urar sufuri, har da keke, cikin dazuzzukan da aka keɓe keɓewa ta musamman, don haka dole hanyar ta riƙa kewaye irin waɗannan wurare. Taswirorin sun fara fitowa a 1997, aka kammala su a 1998. A lokacin hanyar tana farawa ne daga Roosville, kan iyakar Montana da Kanada. An miƙa ta zuwa Banff a 2003, sannan zuwa Jasper a 2018, abin da ya kai cikakken tsawonta kusan kilomita 5,000.

Yadda ƙasar take

Ɓangaren Kanada da arewacin Montana daji ne mai duhu, ga koguna masu sanyi ga tafkuna, kuma dusar ƙanƙara kan rufe mashigan duwatsu har cikin watan Yuni. Nan ne mazaunin babbar beyar da ake kira grizzly. Matafiya kan rataya gwangwanin feshin barkono inda hannu zai kai nan take, su riƙa ɗaga murya a kwanar da ba a hango gaba, su kuma ajiye abinci da man goge baki da duk abin da ke da ƙanshi nesa da tanti. Wannan ƙa'ida ba abar wasa ba ce: a watan Yulin 2021 beyar ta kashe wata mai yawon keke cikin tantinta a tsakiyar ƙauyen Ovando, wurin da masu bin hanyar suka saba yada zango.

Hanyar ta ratsa garuruwan Helena da Butte na Montana, ta ɗan taɓa jihar Idaho, ta bi ta tsakanin gandun dajin Yellowstone da na Grand Teton, sannan ta sauka cikin kwarin Great Divide Basin na Wyoming. A nan mararrabar ruwan ta rabe biyu ta kewaye wani makeken fili, ruwan da ya sauka a cikinsa ba ya kaiwa kowane teku, nan yake tsotsewa ko ya ƙafe. Daga ƙauyen Atlantic City, tsohon garin masu haƙar zinariya, zuwa Rawlins ya fi kilomita 200, kuma wuraren samun ruwa ba su taka kara sun karya ba. Babu bishiyar da za a fake, sai gajerun ciyayi masu toka-toka, da dawakan daji, da garken dabbobi masu kama da barewa, da iska. Iskar ce ke yanke hukunci a wurin. Idan ta biyo bayan mutum, zai iya ƙetare filin cikin yini da rabi. Idan ta tare shi ta gaba, ruwan da ya lissafa wa kwana biyu sai ya kai shi uku.

A Kolorado hanyar ta fi tsayi. Wasu mashigan, irin su Boreas da Marshall, tsofaffin layukan dogo ne, saboda haka hawansu a kwance yake duk da tsawonsa. Mashigin Indiana shi ne ƙololuwa, mita 3,630 daga matakin teku, ana hawansa daga garin Del Norte. Can kusa da samansa akwai tsohuwar mahaƙar zinariya ta Summitville, wadda kamfaninta ya karye a ƙarshen 1992 ya bar wa gwamnati aikin tsaftace gubar da ta malala. Ƙoramun yankin suna ɗauke da ƙarafa da sinadari mai tsami, kuma matacin ruwan da matafiyi ke ɗauka ƙwayoyin cuta yake tarewa, ba ya cire narkakken ƙarfe. Don haka mutum kan wuce ruwa yana gudu a gabansa bai taɓa ba.

New Mexico ce ke ba mutane mamaki, domin da yawa suna zaton wahala ta ƙare tun da an baro manyan duwatsu. Hawan da ke tsakanin Abiquiu da Cuba duwatsu ne birjik. Daga Pie Town zuwa Silver City, ta cikin dajin Gila, ya fi kilomita 250 na hawa da sauka babu kantin kirki. Sannan ga damina a watannin Yuli da Agusta. Ƙasar wasu wuraren yumɓu ce, da ruwa ya taɓa ta sai ta kama taya, ta yi ta taruwa har ta cike tsakanin taya da firam, ƙafar keken ta daina juyawa. Keken da ya sha laka haka ko ɗauka ba ya ɗaukuwa. Wanda ya san wurin yakan nemi tudu ya zauna har rana ta busar da hanya, domin mai gaggawa shi ke karya abin sauya giya.

Waɗannan yanayi su suka ƙayyade lokacin tafiya. Yawanci ana tasowa daga arewa tsakanin tsakiyar Yuni da Agusta, bayan dusar ƙanƙara ta narke, a kuma bar tsaunukan kudu kafin sanyin Oktoba. Mai tafiya a natse yakan yi mako shida zuwa goma. Gobarar daji kan tilasta a yi kewaye kusan kowace shekara.

Keke da kaya

A shekarun farko mutane suna ɗora manyan jakunkuna a kariya gaba da baya, ko su ja 'yar tirela mai taya ɗaya. Hanyar ce ta sauya wannan. Gargadar burji tana kwance notuna tana tsinke kusoshin kariya, jakar gefe kuma tana bugun ƙafar mutum duk lokacin da ya sauka yana turi, ga shi kowane kilo sai an hau da shi mashigi bayan mashigi. Masu tsere suka fara ɗaure jakunkuna masu taushi kai tsaye a jikin keke da maɗauri. Ƙananan masu ɗinki suka mayar da abin sana'a, cikinsu har da Eric Parsons na birnin Anchorage a Alaska, wanda ya fara ɗinkinsa a 2007, sana'ar da ta zama kamfanin Revelate Designs.

Tsarin da ya zauna yanzu yana bin hankali. Jakar tsakiyar firam ita ke ɗaukar abu mai nauyi, ruwa da kayan gyara da abinci, domin nauyi a ƙasa kuma a tsakiya ba ya rinjayar keke. Doguwar jakar da ke ƙarƙashin sirdi ta tufafi ce da sauran kaya marasa nauyi, kuma idan aka cusa mata abu mai nauyi a ƙarshe sai ta riƙa lilo. Tanti da buhun barci ana naɗe su a ɗaure a gaban kan keke. Ƙananan jakunkuna kusa da hannu na abin taɓawa ne da waya, ana ci ana taka feda. Gorunan ruwa na ƙari kan hau ƙafafun gaba. Wannan tsari ya dace da mai sauri, amma gaskiya ita ce mai tafiyar wata biyu da risho da tukunyarsa bai yi laifi ba idan ya sa kariya mai ƙwari da ƙananan jakunkuna. Ko a wajen masu tsere ma ƙananan kariya marasa nauyi sun fara dawowa.

Keken da aka fi gani mai ƙafa inci 29 ne, da taya mai faɗin inci biyu ko fiye da haka kaɗan, da giya mai sauƙin hawa. Kamfanin Salsa ya ƙera samfurin Cutthroat musamman domin wannan hanya. Kusan kowa ya bar amfani da tib: ana zuba wani ruwan roba cikin tayar, idan ƙaya ta huda shi zai toshe ramin da kansa. A kudancin hanyar akwai tsidau, ƙayar nan da muka sani, kuma mai tib zai yini yana faci. Duk da haka ana riƙe tib ɗaya ko biyu, da famfo, da allura da zare mai ƙwari domin ɗinke gefen taya idan dutse ya yaga shi, da takalman birki, da mahaɗin cen. Masu gyaran keke suna garuruwa irin su Whitefish, Helena, Steamboat Springs, Salida da Silver City, tsakaninsu kuwa tafiyar kwanaki ce. Wasu kan sa dinamo a tsakiyar ƙafar gaba, ya ba da fitila ya kuma caja na'urar GPS.

Lissafin ruwa ya fi kowane lissafi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma a wurare kamar kwarin Wyoming ko dajin Gila mutum kan ɗauki lita shida ko fiye, ya ƙara da abin da ya tace daga kwamin shayar da shanu.

Tsere

John Stamstad ne ya fara auna kansa da hanyar a 1999, ya gama daga Roosville zuwa Antelope Wells cikin kwana 18 da awa 5. An fara tseren taro a 2004, sannan a 2008 Matthew Lee ya kafa Tour Divide, wanda ke tashi daga Banff a Juma'a ta biyu ta watan Yuni. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a ba da kyauta, kuma agogo ba ya tsayawa dare da rana. Ƙa'idar ita ce kowa ya riƙe kansa. Ba a yarda wani ya biyo ɗan tsere da mota ko ya ajiye masa abinci a hanya ba, abin da zai yi amfani da shi shi ne kanti ko masauki ko shagon gyara da ke buɗe ga kowa. Wanda ya bar hanya sai ya dawo daidai inda ya bar ta. Kowane ɗan tsere yana ɗauke da 'yar na'ura mai aika wurin da yake ta tauraron ɗan'adam, jama'a suna bin ɗigonsa a taswira ta intanet.

Lael Wilcox, 'yar Alaska, ta kafa tarihin mata a 2015 da kwana 15 da awa 10 da minti 59. Mike Hall na Birtaniya ya yi kwana 13 da awa 22 da minti 51 a 2016; mota ta kashe shi a watan Maris na 2017 yana wani tsere a Ostireliya, lokacinsa kuma ya tsaya shekaru ba a karya ba. A 2023 Lachlan Morton ya gama cikin kwana 12 da awa 12, amma ba a lissafa shi a tarihin tseren ba, saboda masu ɗaukar fim sun biyo shi, kuma a ganin masu riƙe da ƙa'idar sanin cewa akwai mutane kusa shi kansa taimako ne. Justinas Leveika na Lituweniya ya karya lokacin Hall a tseren 2024 da kwana 13 da awa 2. Rage kaya domin sauri yana da farashinsa: a Yunin 2022 guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da 'yan tsere kusa da Fernie a Kanada, masu aikin ceto suka fito da fiye da mutum goma, da yawansu sanyi ya galabaitar.

Irin wannan ƙa'ida ta riƙon kai ce ake bi a tseren Silk Road na tsaunukan Kirgizistan tun 2018, da tseren tsaunukan Atlas na Maroko tun 2020, dukansu biyun Nelson Trees ne ya kafa. A Meziko kuma akwai hanyar Baja Divide mai kimanin kilomita 2,700, wadda Wilcox da Nicholas Carman suka zana.