Jakin da yatsa ya shaƙe: daga Ailan zuwa Santsi da Taɓo

Jama'a, akwai wani fim na 2022, The Banshees of Inisherin, da nake so 'yan siyasarmu su kalla. A wani tsibirin Ailan ne, a 1923. Colm, mai goge, ya wayi gari ya ce ya daina abota da amininsa Pádraic, kuma in ya ƙara kula shi zai datse yatsansa. Bai fasa ba, har ya datse biyar, ya watsa a ƙofar abokin. A tsallaken ruwa kuwa ana jin ƙarar bindigogi.

Bindigogin nan su ne fassarar labarin. Waɗanda suka yaƙi Ingila tare sun rabu kan yarjejeniyar Disamban 1921, ɓangaren Michael Collins ya karɓa, na De Valera ya ƙi. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1922, aka kashe Collins a watan Agusta.

Mu ma mun ga irinta. A 1979 PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka zama gwamnoni. Ba a je ko'ina ba ta dare biyu, Santsi na gwamnonin, Taɓo na Malam. A Yunin 1981 majalisar da NPN ke da rinjaye ta tsige Balarabe. A Yuli aka kashe Dakta Bala Muhammad, mashawarcin Rimi, a tarzomar Kano. A 1983 Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya kada shi, wata uku soja suka kwashe kowa. Mai goge ya yanke yatsun da yake kiɗa da su.

Amma ni abin da ya fi taɓa ni jakin Pádraic ne. Bai san hawa ba bai san sauka ba, ya haɗiyi yatsa ɗaya, ya shaƙe ya mutu. Daga nan Pádraic, mutumin kirki, ya cinna wa gidan Colm wuta. A fahimtata jakin nan talaka ne. Duk ɗan Kunci ya san abin da rasa jaki yake nufi ranar kai taki gona.

Yanzu ga gabar Kwankwaso da Ganduje, gwamna da mataimakinsa na shekara takwas, ta sauko har majalisunmu na ƙofar gida. Su manya gobe za ka gan su suna musabaha a wurin ɗaurin aure. Kai da ka daina gaida maƙwabcinka saboda hula, wa zai ara maka garma da damina?

Allah Ya sa mu gane.