Lauyoyin da Suka Iso Cikin Mari

Idan muka ga baristan Ostireliya a yau, da baƙar riga da farar hular gashi a kansa, da wuya mu kawo a rai cewa fursunoni ne suka fara aikin lauya a ƙasar. Tun daga 1788 Ingila ta mayar da Sidni wurin jibge masu laifi, kuma ba a samu lauyan da zai bar Landan ya yi wata da watanni a teku don ya zauna a cikinsu ba. Duk wanda ya san doka a garin, in ba ma'aikacin gwamnati ba ne, to laifi ne ya kawo shi.

Fitacce a cikinsu shi ne George Crossley. Ya daɗe yana aikin lauya a Landan kafin a same shi da laifin rantsuwar ƙarya, aka yanke masa shekara 7, ya iso Sidni a 1799. Garin kuwa cike yake da rigimar bashi da ta gado da ta fili. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, sai mutane suka riƙa tururuwa wurinsa, kotu ma ta bar shi yana tsaya musu a matsayin wakili. Har Gwamna William Bligh ya nemi shawararsa a rikicin 1808, abin da ya sa sojojin da suka hamɓarar da gwamnan suka tura shi haƙar kwal.

A 1814 aka kafa sabuwar babbar kotu, aka turo Jeffery Hart Bent ya zama alƙalinta. Da kotun ta zauna a watan Mayun 1815, Crossley da wasu tsofaffin fursunoni biyu, Edward Eagar da George Chartres, suka nemi a amince da su a matsayin lauyoyi. Gwamna Lachlan Macquarie ya mara musu baya, domin a ganinsa wanda ya gama wa'adinsa, halinsa ya gyaru, ya cancanci komawa cikin mutane. Akwai kuma lalura: lauya ɗaya tak ne a garin da bai taɓa zaman kaso ba, wato William Henry Moore. In ya tsaya wa mai ƙara, wa zai tsaya wa wanda ake ƙara?

Bent ya ce atafau ba zai saurari hujja daga bakin wanda aka taɓa kamawa da ƙarya a gaban shari'a ba. Mutum biyun da ke zama tare da shi, William Broughton da Alexander Riley, suka saɓa masa. Maimakon ya bi rinjaye, sai ya ɗage zaman. Kusan shekara biyu kotun ba ta yi aiki ba, masu bin bashi suna jira. Gwamnatin Landan ta tsige Bent a 1816, amma a kan ainihin maganar ta ba shi gaskiya: da zarar an samu lauyoyin da ba su da tabo, a rufe wa tsofaffin fursunoni ƙofa. Crossley ya rasu a 1823.

Shekara guda bayan haka baristoci biyu suka iso daga Ingila, William Charles Wentworth da Robert Wardell. Uwar Wentworth ita kanta fursuna ce, kuma shi ne ya zama babban mai kare haƙƙin waɗanda suka gama wa'adi. Amma a kotu shinge suka nema: a raba aikin gida biyu, barista ya yi jayayya a gaban alƙali, lauyan ofis ya tsaya ga takardu da ganawa da jama'a. Rabon ya tabbata a 1834. A Biktoriya majalisa ta haɗe ɓangarorin biyu da doka a 1891, baristoci suka ƙi sakin al'adarsu, suka ci gaba da zama rukuni guda. Sai a 1933 ƙungiyoyin lauyoyin jihohin suka kafa majalisa ɗaya ta ƙasa baki ɗaya.

Mu a Najeriya, da muka gaji dokar Ingila kamar su, lauya ɗaya ne ke ɗaukar ayyukan biyu. Amma tambayar da aka rufe kotu a kanta a 1815 tana nan a ƙasashen biyu, domin har yau jarrabawa kaɗai ba ta isa ba, sai an binciki halin mutum kafin ya sanya baƙar rigar.