Ingila da Amurka: kowa da mudunsa

Duk lokacin da gardamar mallakar bindiga ta tashi a Amurka, sai an samu mai ɗauko alƙaluma ya ce ai Ingila, duk da tsaurin dokarta, ta ninka Amurka a laifukan tashin hankali. Alƙaluman ba na ƙarya ba ne. Sai dai kowace ƙasa da mudun da take awo da shi.

Tun 1857 Ingila da Wales suke tattara laifukan da 'yan sanda suka rubuta. A Amurka kuwa sai a 1930 hukumar FBI ta karɓi aikin, bisa tsarin da ƙungiyar shugabannin 'yan sanda ta shimfiɗa. Laifuka huɗu kacal tsarin ya kira na tashin hankali: kisan kai, fyaɗe, fashi da mummunan hari, wato na makami ko mai jikkatarwa. Mari da turereniya ba sa shiga. Kuma a tsohon tsarin, idan ɗan fashi ya kashe wanda ya tare, kisan kaɗai aka riƙa ƙirgawa.

Ingila ta bi wata hanyar. A 1998 ta shigar da dukan da bai bar rauni ba da kuma tsangwama cikin lissafi. A 2002 aka umarci 'yan sanda su rubuta duk ƙarar da aka kawo, sai fa in akwai hujjar cewa abin bai faru ba. Nan da nan alƙaluma suka yi sama, alhali binciken gida-gida da ake yi tun 1982, inda ake tambayar mutane abin da ya same su, yana nuna tashin hankali na raguwa tun 1995. A 2014 hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta janye hatiminta daga alƙaluman 'yan sandan ɗungurungum.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwon: rumbun bayanai biyu, sunan gurbi ɗaya, abin da ke ciki daban. Ka ce wa kwamfuta ta gwama su, ko tari ba za ta yi ba.

Abin da muka fi yarda a kwatanta shi ne kisan kai, don gawa ba ta da sauƙin ɓoyewa. A nan labarin ya juye: a 2019 Amurka na da kisa kusan 5 cikin kowane mutum 100,000, Ingila da Wales kusan 1. Amma ko shi ma da ƙura. Likitan nan Harold Shipman ya shafe shekaru fiye da ashirin yana kashe majinyatansa, ana rubuta cewa ajali ne. Da asirinsa ya tonu, sai aka zuba fiye da 170 daga cikinsu a lissafin shekarar 2002 zuwa 2003, shekarar da shi yana kurkuku.