Ƙwallon Kwando a Ƙasar Hausa: Sakkwato, Samaru da Ƙofar Mata

A Magarya da Dungas, yaron da ya yi tsawo ya yi ƙirji, da an gama girbi filin kokawa ake nuna masa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, burin kowane ƙaƙƙarfa a wajenmu shi ne ya shiga cikin waɗanda za su kare sunan Damagaram. Ƙwallon kwando kuwa, abin da muka sani game da ita muna yara bai wuce wani dogon ƙarfe mai zobe a gefen filin makaranta ba, ragarsa ta daɗe da tsinkewa, awaki na kwana a gindinsa. Sai da karatu ya kai ni Zariya na gane wasan ya daɗe da kafa sawu a ƙasar Hausa.

A ƙarshen shekarun 1970 aka yi wani bikin wasannin makarantun horon malamai a Sakkwato. Cikin ƴan wasan da suka zo daga Legas akwai wani dogon yaro ɗan shekara 15, Hakeem Olajuwon, wanda ƙwallon hannu ya zo bugawa. Wani ɗan makarantarsu ne ya roƙi mai horarwa ya bar shi ya shiga ƙungiyar kwando. Daga nan bai sake waiwayawa ba. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka, a 1984 kuma shi aka fara zaɓa cikin sababbin ƴan wasan NBA, Michael Jordan ya zo na uku.

Wanda ya tashi da kokawa sai ya natsu kafin ya fahimci wasannin fitar da gwani na NBA. A wajenmu kaye ɗaya ya raba gardama. A can ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa har sai ɗaya ta ci huɗu cikin bakwai, saboda haka wanda ya kayar da kai yau, jibi ma shi za ka tarar, ya riga ya san duk dabararka. A 1994 Houston Rockets, ƙungiyar Olajuwon, sun kai wasa na bakwai kafin su doke New York, kuma da Olajuwon bai taɓa ƙwallon da John Starks na New York ya jefa a daƙiƙar ƙarshe ta wasa na shida ba, da kofin ya tafi. Shekarar 1995 ta fi burge ni. A Fabrairu aka kawo masa Clyde Drexler, abokin wasansa tun jami'a. Watan ya zo daidai da Ramadan, Olajuwon yana azumi yana wasa, kuma shi aka ba kyautar gwanin wata. Ya sha faɗa cewa azumi yana sa ya ji jikinsa sakayau, kuma iya sarrafa ƙafa daga tsaron gida a ƙwallon ƙafa ya samo shi. A wasannin fitar da gwani na shekarar, Phoenix ta ci su uku suna da ɗaya, suka farfaɗo suka wuce, suka ƙare da share Orlando huɗu ba ko ɗaya.

Amma Sakkwato masauki kawai ta ba Olajuwon. Inda wasan ya yi gida shi ne Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Dalilin kuwa mutum ɗaya ne, Oliver Johnson, Ba'amurken da kowa ke kira Coach OBJ. Wasu baƙin masu horarwa sun zo sun koma, shi ya zauna shekaru da dama, ya tsufa a bakin filin. Na ga irin atisayen yamma a wannan fili na siminti: ƴaƴan malaman jami'a da yaran unguwa layi ɗaya, wani da takalmin wasa wani da wanda ya aro, ana ta maimaita miƙa ƙwallo kafin a bar kowa ya jefa a raga. A ganina nan ne sirrin. Tsawo kyauta ce, amma sanin inda abokinka zai tsaya kafin ya tsaya, sai an shekara ana koya.

Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 ya girma a Zariya. Ya yi ƴan shekaru yana wasa a Turai, sannan ya fara farautar ƴan wasa wa Orlando ba albashi. A 2013 ya karɓi ragamar Toronto Raptors. A 2018 ya yanke hukunci mai ɗaci: ya musanya DeMar DeRozan, wanda magoya baya ke ƙauna, da Kawhi Leonard. Kyle Lowry, aminin DeRozan, ya yi watanni yana fushi da Ujiri. Ba na ganin laifin Lowry, abota ba kayan musanya ba ce. Duk da haka ya ci gaba da ba Leonard ƙwallo. A wasa na bakwai da Philadelphia, jifar Leonard ta ƙarshe ta yi tsalle huɗu a kan zobe kafin ta faɗa. Ranar 13 ga Yuni, 2019, suka doke Golden State suka ɗauki kofi, tare da Pascal Siakam ɗan Kamaru da Serge Ibaka ɗan Kwango.

Kano ma ta yi zamaninta. Kano Pillars ta kwando, da ke wasa a rufaffen ɗakin filin Sani Abacha a Ƙofar Mata, ta ci kofin Najeriya sau da dama tsakanin 2008 da 2017, da kyaftin Abubakar Usman a gaba, ta kuma zo ta uku a gasar ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016.

A Nijar kusan komai na wasan a Yamai ya taru. Abdoulaye Harouna, da ya fi kowa fitar da sunan ƙasar a gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka, rigunan ƙungiyoyin Kamaru da Maroko ya sa. Daga Magarya zuwa Yamai kusan kilomita 1000 ne, alhali wanda ya bar Dungas da safe ta Maigatari zai yi azahar a Kano. Dogayen yara muna da su a kowane ƙauye. Abin da nake nema wa Magarya shi ne siminti shimfiɗaɗɗe, zobe biyu, da mai horarwa wanda zai yarda ya zauna da mu shekara ashirin.