Yaro Mai Hazaƙa da Tsallaken Aji

A makarantar allo ba a taɓa zama shawara a kan yadda za a yi da yaron da ya fi 'yan'uwansa kaifin ƙwaƙwalwa ba, gama tsarin karatun ya riga ya raba wannan gardama. Kowane yaro da allonsa. In ya biya wa malam karatunsa ba gargada, sai a ce ya je ya wanke, a rubuta masa na gaba. Yara biyu sa fara babbaƙu rana ɗaya, amma ka tarar ɗaya ya kai izu goma, ɗan'uwansa kuwa bai daɗe da fita farfaru ba. Ba a tsai da mai sauri don mai nawa, ba a kuwa jan mai nawa da ƙarfi. Ni kaina da allo na fara, na kuwa ga yaron da ya yi sauka alhali wansa bai kai rabi ba.

Da ilmin boko ya zo sai al'amari ya sake. A cikin 1909 wani Bature, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano. Cikin waɗanda aka fara koya wa har da malamai manya masu gemu, waɗanda suka riga suka iya ajami. Ku da kuka koyi karatu da girmanku kun san yadda babba yakan kama abu in ya sa kansa. Amma boko ya zo da wani abu baƙo, watau aji. A tara yara ɗaki guda, littafi ɗaya, malami ɗaya, ba mai matsawa gaba sai shekara ta ƙare an yi jarrabawa. To, yaron da ya gama littafin tun watan uku fa? Sai ya zauna yana hamma, ko ya shiga tsokanar na kusa da shi, a yi ta dukansa ana ce masa fitinanne, alhali kuwa yunwar karatu ke damunsa.

Maganin da malaman da suka samo shi ne tsallaken aji. In hedimasta ya gwada yaro ya ga lalle ya wuce ajinsa, sai a ɗauke shi daga aji ɗaya, misali, a kai shi aji uku. Abin bai yi wuya ba a lokacin, domin ba a rubuta ranar haihuwa. Akan ce wa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen, in ya taɓo ya isa shiga makaranta. Saboda haka aji guda yakan haɗa ɗan shekara bakwai da ɗan goma sha biyu, ba wanda zai ce wane ya yi ƙanƙanta.

Wajen 1930, bayan da aka naɗa Hussey shugaban ilmi na Nijeriya duka, aka tsara makarantu hawa hawa. Elementare shekara huɗu ce, da Hausa ake koyarwa. Daga nan a zaɓi kaɗan su tafi Midil a babban garin lardi, inda Turanci ya karɓi aiki. Zaƙaƙuran Midil su ne kan wuce Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949. Wannan zaɓe shi ne babbar hanyar gaggauta mai hazaƙa, amma ƙofa ce ƙunƙuntacciya ƙwarai. Yara nawa masu kai suka koma gona don ba gurbi, Allah kaɗai ya san adadinsu.

A 1976 aka buɗe firamare kyauta ga kowa, aka mai da ita shekara shida. Ajujuwa suka cika maƙil, har malami bai san sunan rabin yaransa ba, balle ya gane wanda ya wuce saura. A zamanin Janar Babangida gwamnati ta kafa makaranta a Suleja musamman don yara masu baiwa, ana ɗaukarsu ta jarrabawa daga jihohi duka. Niyya ce mai kyau, sai dai makaranta guda ba ta isar ƙasa irin wannan.

Sa'an nan tsallaken aji ya fita daga hannun malamai ya koma hannun iyaye, a nan kuwa nake da magana. Da yawa sukan cire yaro daga aji biyar, wani ma aji huɗu, su sa shi jarrabawar shiga sakandare. Wani don ya huta da kuɗin makaranta na shekara guda, wani don kada ɗan maƙwabci ya riga nasa. Ba a tambayi yaron ko ya iya kasafi ba, ko zai iya rubuta wasiƙa shi kaɗai. A makarantar allo sai an biya ake wankewa. Nan kuwa an wanke allo ba a biya ba, yaro ya je makarantar kwana yana ɗan shekara tara, ko wankin rigarsa bai iya ba. Hedimastan da yakan gwada yaro da kansa kafin ya tsallakar da shi, in ya ga bai isa ba ya hana, ko uban ya ji haushi.

Wannan gaggawa ce ta jawo ce-ce-ku-ce a 1924 da ɗari, watau 2024, sa'ad da Ministan Ilmi ya ce ba mai shiga jami'a sai ya cika shekara 18. Iyaye suka yi ca, kafin shekarar ta ƙare wanda ya gaje shi ya mai da ƙa'idar 16. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, yana da shekara 16 ɗin nan ne ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, bai kuwa fito ba sai 1933.