Daga Raƙumi Zuwa Hiyas: Yadda Injin Gazuwal Ya Samu Gindin Zama a Damargu

Kafin mota ta shigo, geron Damargu a bayan raƙumi yake tafiya Abzin. A 1897 Rudolf Diesel ya tayar da injinsa, wanda muke kira injin gazuwal, a Jamus, amma an daɗe kafin manyan motocin Berliet na Faransa su fara keta yashin hanyar Damagaram zuwa Agadas, wadda ta ratsa Tanut a ƙasar Damargu.

Ƙananan motocin haya daga baya suka zo. Toyota ta fitar da Hiace (Hiyas) a 1967, Mercedes kuma ta kawo 207D a 1977, kwancen Turai suka riƙa shigowa ta tashoshin Kwatano da Lome. Abin da ya sa direbobi suka riƙe su hannu bibbiyu shi ne injinsu ba shi da ɓoyayyen abu. Famfon mai na ƙarfe ne, bakanike yana jin ciwonsa da kunne, ya kwance shi a gindin bishiya ranar kasuwa, ya ɗaure, a yi lodi a kama hanyar Belbeji.

Daga 1997 al'amari ya sauya. Kamfanin Bosch ya yaɗa tsarin da kwamfuta ke sarrafa feshin mai da matsi mai tsanani, sannan dokokin hayaƙi na Turai suka tilasta sanya matatar toka a salansa tun 2009. Injin ya ƙara ƙarfi, ya rage shan mai, wannan gaskiya ce. Sai dai an ƙera shi ne don mai tsaftatacce da kwalta mai santsi. Ƙurar hunturu ko ɗigon ruwa a cikin jarkar mai ta bakin hanya sun isa su kashe injekta mai fesa man, kuma in fitilar gargaɗi ta kunnu a gaban direba, sai an nemo mai na'urar gwaji daga birni. Fasinja su kwana a daji, dabbobin da aka ɗauko su galabaita.

Mai kam yana kusa, domin matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011 a ƙasar Tanut take, a gundumar Olelewa, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da ya san sabon inji. Tsofaffin motocin suna ƙarewa, don haka ya kamata hukuma da ƙungiyoyin direbobi su kawo horon kanikawa da na'urorin gwaji Tanut da Belbeji tun yanzu.